Takardar Bango da Gidan Wasa: Tarihin Bodabil a Ƙasar Amurka

Daga wajen shekara ta 1880 zuwa 1930, mutumin da ya sauka daga jirgin ƙasa a kowane babban gari na Amurka, abin da idonsa zai fara gani shi ne takardu masu launi manne a bangaye da shingayen katako. Da yawa daga cikinsu tallar wani irin wasa suke yi wanda Amurkawa suke kira vaudeville, mu kuwa a bakinmu sai mu ce bodabil. Kalmar daga Faransanci aka aro ta. Wasan ba labari ɗaya ba ne da za a fara a bi shi har ƙarshe. Jerin gajerun wasanni ne, takwas ko tara, kowane da masu yinsa. Mawaƙi ya fito ya yi waƙa ya koma, sai masu rawa, sai mai ban dariya, sai masu alkafura, sai mai karnukan da aka hora, sai ɗan dabo. Kowa yana da minti goma zuwa ashirin a kan dandamali.

Yawancin waɗannan wasanni sun ɓace tare da masu yinsu, gama kaɗan ne aka ɗauki hotonsu ko muryarsu. Takardun tallar ne suka rage da yawa. Wanda ya zauna ya karanta su da natsuwa zai ga alkawarin da masu gidajen wasa suka yi wa jama'a, zai kuma ga wanda suka ɗaukaka da wanda suka ƙasƙantar.

Daga Gidan Giya zuwa Gidan Iyali

Kafin bodabil, irin wannan wasa a gidajen shan giya ake yinsa. A birnin Niyok, musamman unguwar Bowery, akwai manyan zauruka inda maza suke taruwa da dare, suna sha, suna kallon rawa, suna jin waƙoƙin batsa, 'yan mata kuma suna kai musu giya. Mace mai mutunci ba ta taka wurin. Abin ya yi yawa har a shekara ta 1862 majalisar jihar Niyok ta kafa doka ta hana a haɗa wasa da sayar da giya da 'yan mata masu hidima a ɗaki ɗaya.

Wanda ya fara juya al'amarin shi ne Tony Pastor. Sunansa ne haka, ba fasto ba ne, ko da yake ɗan Katolika ne mai riƙon addini. Tun yana yaro yake wasa cikin ayarin nan masu yawo gari gari da dawakai da namun jeji, daga baya ya zama mawaƙi. Ya lura da cewa gidan wasan da maza kaɗai suke shiga ya yi hasarar rabin mutanen gari. A watan Oktoba na 1881 ya buɗe gidan wasa a Titi na 14 a Niyok, kusa da manyan kantunan da mata suke zuwa sayayya. Ya hana giya, ya hana maganar banza a kan dandamali. Domin ya jawo matan aure, yakan raba kyautai a bakin ƙofa, kamar su buhun kwal, da cinyar alade, da yadi, har da keken ɗinki. Mata suka fara zuwa, suka kawo 'ya'yansu, kuɗin shiga ya ƙaru.

Keith da Albee

Pastor gida ɗaya ya riƙe har mutuwarsa a 1908. Waɗanda suka mai da dabararsa babban ciniki mutum biyu ne, Benjamin Franklin Keith da Edward Albee. Su ma daga ayarin masu yawo da namun jeji suka fito. A 1883 Keith ya buɗe wani ɗan ɗakin kallon abubuwan ban mamaki a birnin Bostan, kuɗin shiga santi goma. A 1885 ya kawo wata sabuwar dabara, watau wasa ba tsayawa daga hantsi har dare. In jerin ya ƙare sai a koma farko. Mutum ya shigo sa'ad da ya ga dama, ya fita sa'ad da ya ga abin da ya riga ya gani. Dalilinsa shi ne mutane ba su son shiga ɗakin da ba kowa, amma in sun ji kiɗa da tafi daga ciki sai su biya su shiga.

Su ne suka yaɗa kalmar bodabil, domin tana da ƙamshin Faransa, ba ta tuna wa kowa gidan giya. A 1894 suka buɗe sabon gidan wasa a Bostan wanda aka gina kamar fādar sarki, da duwatsu masu sheƙi, da manyan madubai, da fitilun lantarki, da yara masu hidima sanye da rigunan aiki. Leburan da ya biya kuɗi kaɗan yana shiga wurin da bai taɓa mafarkin shiga ba. Amma akwai sharaɗi. Masu hidima sukan miƙa wa 'yan kallo ƙananan katuna masu roƙonsu kada su sha taba, kada su buga ƙafa a ƙasa, kada su yi ihu, tafi ya isa.

Masu wasa ma aka kafa musu doka. A bayan dandamali akwai takarda manne mai jera kalmomin da ba a yarda a faɗa ba. Har ƙananan kalmomin rantsuwa da na raini waɗanda mutane suke faɗa a kasuwa ba tare da tunani ba, duk an hana. Wanda ya karya dokar, a sallame shi nan take. Kowace Litinin, bayan wasan farko na mako, manajan gida yakan sa wa masu wasa ambulan shuɗi a akwatin wasiƙunsu, a ciki an rubuta maganar da za su cire ko rigar da za su sake. Masu wasa suka yi wa gidajen Keith laƙabi, suna ce da su zagayen makarantar Lahadi. Matar Keith ta fari, Mary Catherine, 'yar Katolika ce mai himma, ana kuwa danganta tsananin dokar da ita. Keith ya mutu a 1914, ɗansa Paul ya bi shi a 1918 cikin annobar mura, ya bar babban kaso na dukiyar ga Kadinal William O'Connell na Bostan. Da kuɗin aka kafa makarantun Katolika masu sunan Keith a garin Lowell.

Sai dai mai karatu kada ya ɗauka cewa tsoron Allah ne kaɗai yake tafiyar da cinikin. A garuruwa da yawa doka ta hana wasan kwaikwayo ran Lahadi, amma ta yarda da taron waƙoƙi masu tsarki. To, sai masu gidajen wasa suka riƙa buga takardar Lahadi da sunan taron waƙoƙi masu tsarki. Masu wasa su fito da tufafinsu na gida, a rage rawa da alkafura, amma mai ban dariya ya yi ban dariyarsa ta ran Asabar. Kowa ya san abin da ake yi, har da 'yan sanda.

Yadda Ake Buga Takardar

Takardun talla masu launi sun samu ne ta wata hanyar ɗab'i da wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano a birnin Munik a 1796. Shi kansa marubucin wasan kwaikwayo ne, yana neman hanya mai araha ta buga rubutunsa. Asirin abin shi ne mai da ruwa ba su haɗuwa. Ana samun falalen dutse mai santsi, a zana hoto a kansa da alli mai maiƙo. Sa'an nan a shafe dutsen da ƙaro da aka jiƙa da ɗan ruwan asid, a jiƙa shi da ruwa, a bi shi da tawada mai mai. Tawadar ta kama inda aka yi zane, ta ƙi inda ruwa yake. A ɗora takarda a danne, hoto ya fito. Ƙaron nan kuwa daga ƙasashen bakin hamada ake kai shi Turai da Amurka, musamman daga Senegal da Kordofan ta Sudan.

Kowane launi yana bukatar nasa dutse. Hoto mai launi huɗu, duwatsu huɗu ke nan, dole kuma takardar ta sauka daidai a kan kowane, in ba haka ba jan leɓe ya faɗa a kan haɓa. A birnin Faris wani mai zane, Jules Chéret, ya buɗe maɗaba'a a 1866, ya gwanance wajen fitar da hoto mai rai da duwatsu uku ko huɗu kawai. Ya yi wa gidajen rawa da waƙa na Faris takardu masu yawa. A 1891 Henri de Toulouse-Lautrec ya zana wa gidan rawa na Moulin Rouge takardar da ta sa sunansa ya fito. A Amurka kuwa birnin Sinsinati ne ya zama cibiyar wannan sana'a, babban kamfaninta shi ne Strobridge.

Akwai ma'auni da kowa ya sani. Falle ɗaya yana da faɗin wajen santimita 70 da tsawon wajen santimita 105. Ana haɗa falle uku a tsaye su yi tsawon mutum har su wuce, a kafa a bakin ƙofar gidan wasa. Akwai kuma mai falle 24, wanda yake rufe bangon gida. Masu mannawa suna da tasu sana'a. Sukan fita tun da asuba da bokitin kunun fulawa, da buroshi mai dogon ƙota, da tsani. Sau da yawa mutanen wani gidan wasa sukan bi dare su manna tasu a kan ta abokan hamayya, har abin ya kai ga dambe. A 1891 masu mannawa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Mujallar nan Billboard, wadda aka sani da lissafin waƙoƙin da suka fi kasuwa, a Sinsinati aka fara ta a 1894 domin masu manna takardu.

Hoto mai launi yana da tsada, jerin masu wasa kuwa kowane mako yake sakewa. Saboda haka aka sami takardu iri uku. Gidan wasa yakan buga ta mako mako da manyan baƙaƙe na katako, baƙi da ja, sunaye kawai ba hoto. Shahararren mai wasa yakan biya a yi masa tasa mai launi da fuskarsa, ya aika da ita gaba kafin ya iso gari. Ƙaramin mai wasa kuwa sai ya sayi wadda aka riga aka buga da yawa, mai hoton wani ɗan dabo ko wata mai rawa da ba kowa ba ce, an bar fili a ƙasa ya sa sunansa. Akwai kuma ƙananan katuna da ake ba masu kantuna su jingina a taga, ladansu tikitin shiga kyauta. Ɗaya daga cikin maɗaba'un baƙaƙen katako, Hatch Show Print, an kafa ta a birnin Nashbil a 1879. Aikinta na fari shi ne takardar sanar da zuwan wani mai wa'azi, Henry Ward Beecher, daga baya ta yi wa masu wasa aiki shekara da shekaru.

Tsanin Sunaye

Takardar mako ba jerin sunaye kawai ba ce, tsani ce. Sunan da yake bisa da manyan baƙaƙe shi ne na mai babban albashi. Sauran suna bi a ƙasa, baƙaƙen suna ƙanƙancewa. Masu wasa sukan sa a rubuta cikin yarjejeniya yadda girman sunansu zai zama, wani ma ya fasa wasa ya bar gari domin an sa sunan wani a bisa nasa. Wannan ba girman kai kawai ba ne. Manajan gari na gaba yana duba inda aka sa sunanka a garin baya kafin ya yanka maka albashi.

Tsarin fitowa a dandamali ma da hikima aka yi shi. Wasan farko na marasa magana ne, kamar masu alkafura ko masu dabbobi, gama mutane suna ta shigowa suna neman kujera, ba wanda zai ji magana. Na biyu shi ne wurin da kowa yake gudu, nan ake sa sababbin shiga. Daga nan abin ya riƙa hawa har hutun tsakiya. Babban mai wasa shi ne na biyun ƙarshe. Na ƙarshe kuwa yana yi ne mutane suna ɗaukar hulunansu.

Wasu sun hau tsanin nan har ƙoli. Harry Houdini, ɗan wani malamin Yahudawa da ya yi ƙaura daga Hangari, yana fama a ƙananan wurare sai wani manaja, Martin Beck, ya gan shi a 1899 ya ɗauke shi. Takardunsa suna nuna shi ɗaure da sarƙoƙi da ankwa. In ya shiga gari yakan je wurin 'yan sanda ya ce su kulle shi, ya kuɓuce, jaridu su buga, gidan wasa ya cika. Wata mawaƙiya, Eva Tanguay, a wajen 1910 tana karɓar dala 3,500 a mako, a zamanin da yawancin ma'aikata ba su samun dala 1,000 a shekara. Beck ɗin nan shi ne ya gina gidan wasa na Palace a Niyok, aka buɗe shi a watan Maris na 1913. Burin kowane mai wasa ya zama ya ga sunansa a ƙofar Palace.

Amma wanda yake riƙe da tsanin shi ne Albee. Masu gidajen wasa sun haɗa kai a 1900, a 1906 kuma aka kafa ofishin dillanci guda ɗaya a Niyok wanda yake raba wa masu wasa aiki a manyan gidajen gabashin ƙasar. Ofishin yana cire la'ada kashi 5 cikin 100 daga albashin mai wasa, ban da abin da zai ba nasa dillali. Kuɗin jirgin ƙasa da masauki da tufafi duk a wuyansa. Wanda ya yi wasa a gidan abokin hamayya, a sa sunansa cikin baƙin littafi, ba shi ba aiki. Masu wasa sun kafa ƙungiya a 1900 mai suna White Rats, suka yi yajin aiki a 1901 saboda la'adar nan. Suka sake yi a 1916 zuwa 1917, Albee ya karya su, ya kafa wata ƙungiya ta kansa, ya zamana sai mai katinta yake samun aiki cikin sauƙi.

Fuskar da Aka Shafa wa Baƙi

Akwai wani abu da takardar dokoki ta bayan dandamali ba ta hana ba. Tun wajen 1830 wani Bature, Thomas Rice, ya yi suna da shafa wa fuskarsa baƙi yana kwaikwayon baƙin bawa mai suna Jim Crow. Daga 1843 aka sami ƙungiyoyi na Turawa masu wannan wasa. Sukan ƙone toshiyar kwalba su shafa baƙinta a fuska, su zana manyan leɓuna, su fito suna nuna baƙin mutum wawa ne, rago, matsoraci, ɓarawon kaji. Sunan Jim Crow ɗin nan shi ne daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata na jihohin kudu. Sa'ad da bodabil ya zo, sai ya gāji wannan wasa ya sa shi cikin jerinsa.

Akwai wata takarda da Strobridge ya buga a 1900 domin ƙungiyar William West. A gefe ɗaya ga wani mai ban dariya, Billy Van, Bature mai kyan shiga, gashi a taje. A ɗaya gefen ga shi kuma bayan ya shafa baƙi, ido a zazzare, baki ja har kunne. An yi aikin da gwaninta, launuka sun zauna daidai. Irin waɗannan hotuna suna manne a titi inda yara, farare da baƙaƙe, suke wucewa zuwa makaranta. 'Yan ƙaura ma ba su tsira ba, ana kwaikwayon Bayahude da ɗan Ailan da ɗan Italiya da ɗan Sin, kowa da irin rainin da ake yi masa. Amma na baƙin mutum ya fi muni, gama doka tana bayansa. A 1896 Kotun Ƙoli ta Amurka ta halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a. Baƙin da ya sayi tikiti, a gidajen wasa da yawa, can bene na ƙarshe ake tura shi, wani wuri ma ta wata ƙofa dabam.

Baƙaƙen da suke da baiwar wasa suka sami kansu cikin matsi. Bert Williams, haifaffen tsibiran Bahamas a 1874, ya haɗu da George Walker a San Faransisko a 1893. Walker ya ba da labarin cewa a wani babban baje koli da aka yi a birnin a 1894, mutanen Dahomey da aka yi alkawarin nuna wa jama'a sun makara, sai aka ɗauke su biyun tare da wasu su sa fatu su zama 'yan Afirka kafin na ainihi su iso. Dahomey ita ce Jamhuriyar Benin ta yau. Da mutanen suka iso, Williams da Walker suka tsaya suna kallonsu, suka ƙudura za su yi wasa a kan Afirka wata rana. Sun cika wannan a 1903 da wasan In Dahomey, wanda baƙaƙe suka tsara suka kuma yi a babban gidan wasa na titin Broadway. Suka kai shi Landan, har aka kira su fādar Sarkin Ingila a watan Yuni na shekarar.

Duk da haka Williams, baƙin mutum, sai ya shafa baƙin toshiya a fuska kafin ya hau dandamali, gama haka 'yan kallo suka saba ganin baƙi mai ban dariya. Bayan Walker ya kwanta ciwo, Williams ya ci gaba shi kaɗai. Ƙungiyar White Rats, wadda ta ƙi karɓar baƙaƙe, ta matsa wa manajoji su saukar da sunansa a takarda, kada ya hau bisa na Bature. A 1910 Florenz Ziegfeld ya ɗauke shi cikin babban wasansa, wasu Turawan ƙungiyar suka ce a kore shi, Ziegfeld ya ƙi. Mutumin da dubbai suke yi wa tafi, in ya koma masauki sai ya hau ta na'urar ɗaga kaya ta baya. Ya faɗi yana cikin wasa a Ditroit a 1922, ya mutu bayan 'yan kwanaki yana da shekara 47.

A manyan gidaje al'ada ita ce kada a sa wasan baƙaƙe fiye da ɗaya a jeri, kuma baƙi ba ya fitowa shi kaɗai, sai su biyu. Mai rawan nan Bill Robinson ya karya wannan a wajen 1915, ya riƙa fitowa shi kaɗai, fuskarsa kuma yadda Allah ya yi ta. Yawancin baƙaƙe kuwa a nasu gidajen wasa suke yi, a kudu da tsakiyar ƙasar, ƙarƙashin wata ƙungiyar masu gidaje da aka kafa a wajen 1920, ana kiranta TOBA. Albashi kaɗan ne, ɗakunan shiri ba kyau, amma daga nan ne mawaƙa irin su Ma Rainey da Bessie Smith suka fito.

Yadda Abin Ya Ƙare

Abin da ya kashe bodabil, a cikin gidansa ya girma. A watan Afrilu na 1896 aka nuna majigi a wani gidan wasa na Niyok mai suna Koster da Bial, a watan Yuni kuma gidan Keith na birnin ya kawo na Faransawa. Da fari majigi wasa ɗaya ne cikin jeri. Amma masu gidaje suka ga fim ba ya neman albashi ko tikitin jirgi, ba ya faɗa a kan girman sunansa. Ƙananan gidaje suka riƙa rage masu wasa suna ƙara fim.

Daga 1920 rediyo ya shiga gidajen mutane. Dā mai ban dariya yakan yi shekaru yana yawo da wasa ɗaya na minti goma sha biyar, gama kowane mako sababbin mutane ne a gabansa. A rediyo kuwa ƙasa duka ta ji shi a dare ɗaya, gobe sai ya nemi sabo. A 1927 aka fito da fim mai magana, The Jazz Singer. Babban ɗan wasansa, Al Jolson, tsohon ɗan bodabil ne, ya kuwa shafa baƙi a cikin fim ɗin. A 1928 gidajen Keith da Albee suka haɗe da na kamfanin Orpheum, kafin shekarar ta ƙare aka zuba su cikin sabon kamfanin fim mai suna RKO. Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta ƙarasa sauran. Albee ya mutu a 1930. A watan Nuwamba na 1932 gidan Palace ya koma nuna fim kaɗai. Masu sa'a, kamar Buster Keaton da Jack Benny da Bob Hope, suka sami wuri a fim da rediyo, daga baya talabijin. Dubbai suka koma neman wata sana'a.

Wani reshe na wasan ya ƙetare teku ya iso Afirka ta Yamma. A ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, wani malamin makaranta a Sekondi da ake kira Ticha Yalley ya fara wasan ban dariya da shafa fuska a 1918. Tsakanin 1924 da 1926 wani attajirin Ankara, Alfred Ocansey, ya kawo baƙaƙen Amurka biyu 'yan bodabil, Glass da Grant, suka yi wasa a gidansa na Palladium. Samari irin su Bob Johnson suka koya, suka juya abin zuwa harshen Fante, suka haɗa shi da halin Ananse, watau Gizon tatsuniyoyinsu. Daga nan aka sami ƙungiyoyin wasa masu yawo ƙauye ƙauye, suna jingina manyan alluna masu zane a bakin kasuwa domin sanar da zuwansu.

Abin da Ya Rage

An yi takardun nan domin su kwana bakwai a bango, ruwa ya dake su, a manna wata a kai. Waɗanda suka tsira suna ajiye a babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka a Washintan, da na birnin Niyok. Jami'ar Iowa tana riƙe da littattafan rahoton da manajojin Keith suke rubutawa kowane mako, inda suke faɗin wanda ya burge jama'a da maganar da aka sa ya cire. Ginin Palace ma bai rushe ba. A 2022 aka ɗaga ɗakin wasan ɗungum sama da wajen mita 9 domin a yi kantuna a ƙarƙashinsa, aka sake buɗe shi a 2024.

In aka ajiye takardar dokoki ta bayan dandamali kusa da takardar talla ta bakin ƙofa, za a ga iyakar tsabtar da Keith da Albee suka sayar. Sun raba wasa da giya, sun buɗe ƙofa ga mata da yara, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ma'auninsu shi ne abin da zai ɓata wa mai sayen tikiti rai. Kalmar rantsuwa tana korar matar aure, sai aka hana ta. Zagin baƙin mutum ba ya korar kowa daga kujerun ƙasa, sai aka bar shi, har aka biya masu zane su fito da shi da launi. Yaran da aka kai waɗannan gidaje sun koyi yi wa baƙar fata dariya suna zaune kusa da iyayensu, a wurin da aka tabbatar musu cewa ba abin kunya a ciki. Waɗanda ake yi wa dariyar kuwa suna can bene na ƙarshe, su ma da kuɗinsu suka shiga.